Huɗu da Rabi

Da sunan Allah nake farawa, kuma ina roƙon ku haƙuri, don kun san ni ba ni da sauri, ko a tafiya ko a magana.

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Nomau mai walda hannu a garin nan na Madawa ya san ba a gaisawa da shi a gurguje. Kai ka miƙa ne don a ce lafiya lau a wuce. Shi kuwa sai ya riƙe, ya juya tafin sama, ya bi yatsunka ɗaya bayan ɗaya da babban yatsansa mai baƙin mai, yana ƙirgawa kowa na ji: "Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Alhamdu lillahi. To, ina kwana?" Sai ya gama ƙirga sannan ya tambayi iyali. Liman ma bai tsira ba. Wata rana wani mutumin Karofan ya kawo gyaran amalanke, ashe Allah ya yi shi da yatsa shida. Nomau ya ƙirga, ya saki, ya goge ido, ya sake kamowa ya ƙirga. Sai ya dube shi da girmamawa ya ce, "Kai ka more, ɗan'uwa. Ga ka nan awa mota mai tayar ajiya." Mutumin ya rasa ko fushi zai yi ko godiya, sai ya ce amin.

Nomau taubashina ne, ɗan kawuna, ya girme ni da shekaru kaɗan. Ni ne Isuhu mai shayi na bakin tasha, wanda in ciniki ya lafa yake rubuta wa mutane wasiƙa da ajami. Sunan Malam Sannu da kuke kira na da shi, shi ya laƙa mini, in kuma wasan taubashi ya motsa sai ya ce mini bawansa. Yau kwana arba'in da rasuwarsa. Na zauna in rubuta abubuwan dariyarsa, amma kada in ɓoye muku, akwai wani kaya da na ɗauka shekara shida, kuma a cikin takardar nan zan sauke shi. Ku bar ni dai in bi ta hanya mai nisa, kamar yadda na saba.

Kun ga yadda muke tsaga burodi, mu masu shayi. Ka kwantar da shi a tafin hagu, ka sa wuƙa a gefensa, ka ja ta tsawonsa, bakin wuƙar yana kallon tafinka, idonka kuma yana kan direban da ke yi maka ihu. Babu mai shayi a tashar nan da ba shi da zane a tafin hagu. Wata safiya Arzika, mai teburin da ke kusa da nawa, ya ja wuƙa ta wuce burodin ta shiga nama, har sai da aka yi masa ɗinki. Nomau yana zaune a benci da kofi a hannu, ya ga abin da idonsa. Ya ajiye kofin, ya ce, "Wanga ba aiki ba ne, yanka ne babu bisimilla." Daga ranar ya sa kansa sai ya ƙera injin tsaga burodi wanda ko da gangan ba zai taɓa mutum ba.

Kun san shi da maƙo, bai sayi ko ƙusa sabuwa ba. Ya ciro ɗan injin da ke kaɗa magogin gilashi daga jikin wata matacciyar mota. Wuƙar daga tsohon zarto ya wasa ta. Batir kuwa wani direba ne ya yar, shi ya farfaɗo da shi da faifan hasken rana. Sannan ya naɗe kwanon rufi ya yi dogon bututu, wanda yake kira maƙogwaro, ya ɗaura a kan wuƙar da bis huɗu, ƙusoshin nan masu murɗi. Ka sa burodi ta sama, ka tura da wata sanda da ya ɗaure da igiya, ya fito ta ƙasa a buɗe kamar littafi, gefe ɗaya a haɗe don kada ƙwai ya zube. Tsawon maƙogwaron ya kai kamu guda, bakinsa kuma hannu ba ya shiga.

A wata uku ya gama ƙira. Amma sai da ya yi damina biyu bai bar injin ya fita daga gida ba. Me ya riƙe shi? Kuɓewa!

Wai kuɓewa ce ta fi kama da yatsan ɗan Adam. Kullum aljihunsa cike yake da ita. Sai ya tada injin, ya ɗauki ɗaya, ya cusa a kowace kafa da kowane tsagi, sama da ƙasa da baya. In ta fito ko da ƙwarzane ne, ya kwance injin gaba ɗaya ya sake. Har suna ya sa musu: mai kauri yatsan Arzika ce, doguwa tawa ce, siririya kuma ta masu son leƙe-leƙe. Matarsa Ramatu ta same ni a tasha, ranta a ɓace.

"Malam, ka yi wa ɗan'uwanka magana. Kuɓewar da na sayo ta miya, shina can shina ba ƙarfe."

Na je na same shi. Ya ce, "Ka ce mata ta jira. Waɗanda sunka ji rauni nata ne, masu lafiya nawa ne."

Haka kuwa aka yi, duk wadda wuƙa ta taɓa sai ta tafi tukunya. Wata rana ya kira mu cin tuwo, ni da Arzika. Ya yanko loma, ya tsoma, ya ɗago wani guntun kuɓewa mai kauri, ya dube shi da tausayi, ya ce, "Allah Sarki, Arzika. Ranar Talata na yanke ka." Ya jefa a baki. Arzika ya tsame hannu ya ce ya ƙoshi. Har yau in ana miyar kuɓewa a gidansa sai ya ce a ba shi ta kuka.

Nomau bai yi boko ba, allo ma bai yi nisa ba. A tsakar gida yake zane da ƙusa, in ya gama ya kife da kwanon wanki don kaji. Ramatu ta taɓa yin sati tana aron kwano a maƙwabta, ga nata a kife yana gadin ƙasa. Daga baya ya ce in zo in kwafe masa a littafi. Na ɗauka zanen kawai zan kwafe, ashe har da dokoki. Yana kai da komowa, hannu a baya, kamar alƙali.

"Rubuta: mai shayi ba shi kallon hannunshi, direba yake kallo."

Na rubuta.

"Rubuta: ƙarfe bai san yi haƙuri ba."

Na ce, "Haba Nomau! Tawadar da nake rubuta sunayen Allah da ita?"

Ya ce, "To yatsun wa ya yi su? Rubuta, bawana, kuma ka sa wasali da kyau."

Na sa wasali.

Da kuɓewa ta yi wata guda tana fita lafiya, ya ɗauko injin a ka ya kawo tasha. Arzika ya miƙe yana murna, don shi aka yi dominsa. Nomau ya wuce shi, ya dire a teburina, a bayan gwangwanayen madara. Arzika ya ce, "Af! Ni na zub da jini, Malam ya sha romo?" Nomau ya ce, "Kai wuta ne. Sai an gwada a hannun mai sanyi tukuna. Malam Sannu kafin shi miƙa hannu wuƙar ta tsufa." Tasha duk ta ɗauki dariya, har da ni. Na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye ba.

To, ga inda nake ta kewayewa.

Ranar kasuwa ce, da hantsi. Burodin da aka kawo mini ya kumbura fiye da kima, wasu kuma sun lanƙwashe, suna maƙalewa a maƙogwaron, sai na yi ta dannawa da sanda. Manyan motoci biyu suka tsaya a tare, fasinjoji suka yi mana caa. Arzika da wuƙarsa yana sallamar mutum uku kafin in sallami ɗaya. Ta saman kawunan mutane ya ɗaga murya: "Malam, injin naka alwala yake yi?" Aka yi dariya.

Ni da nake yi wa mutane nasiha a kan haƙuri, wannan 'yar maganar ce ta kayar da ni. Na sunkuya bayan gwangwanaye, na sa ƙotar cokalin shayi, na kwance bis ɗin nan huɗu, na ajiye maƙogwaron a ƙarƙashin tebur. Wuƙa ta fito tsirara. Na riƙa tura burodi da hannun dama. Kai! Wallahi abin ya yi sauri. Na tsaga sun kai ashirin, raina fari tas. Sai na ɗaga kai in ga ko Arzika ya ga yadda layina ke raguwa. Mai shayi ba ya kallon hannunsa. Ni na rubuta da alƙalamina, har da wasali.

Ban ji zafi ba da farko, sanyi na ji. Na duba, rabin manunina babu.

A daidai lokacin motocin suka yi oda, fasinjoji suka watse a guje. Abin da ya kamata in yi shi ne in yi salati in kira jama'a. Ba shi na yi ba. Na naɗe hannun da gefen rawanina, na kashe injin, na jawo maƙogwaron, na mayar da shi da hannun hagu, ina murɗa bis. Uku na samu, na huɗun ya ɓace mini. Sai da na ga ya zauna, sannan na ɗaga murya na ce, "Inna lillahi! Arzika, taimake ni!" Ku dubi wannan. Jini yana zuba, ni kuwa ba yatsan nake jin tsoron rasawa ba, sunan Malam Sannu ne.

A gidan likita aka tambaye ni yadda aka yi. Na ce, "Ni ma ban san yadda aka yi ba." Shekara shida ina lallashin kaina cewa ai ban ce injin ba ne. To, amma ban ce ba shi ba ne, kuma na san gari zai ƙarasa mini. Ya kuwa ƙarasa. "Malam Isuhu da ko ruwan sama ba ya sa shi gudu? Ai injin ne ya jawo shi." Kafin la'asar an sa wa injin suna Ci-yatsa. Masu shayin Buza da na Keita da suka ce a ƙera musu suka aiko cewa a bari. Mata in sun kawo wa Nomau liƙin tukunya sai su ajiye daga nesa, su ce, "Ba mu matsowa, da aikin yi a hannunmu." Ramatu ta daina zuwa kasuwa da safe, don kada ta bi ta tasha.

Shi kuwa ya zo gida duba ni. Ya zauna a bakin tabarma, ya kama hannun a hankali kamar ƙwai, ya ƙirga ta saman ɗaurin. "Ɗaya, biyu, uku, huɗu..." Ya tsaya a kan guntun. "Da rabi." Sai ya ce, "Rabin shina wuyana." Ya tashi, ya je tasha, ya ɗauki injinsa a ka, ya ratsa kasuwa ana yi masa ba'a.

Daga nan gaisuwarmu ta zama haka, kowace safiya, a gaban kowa: "Huɗu da rabi, rabin shina wuyana. Ina kwana, Malam?" Ku kuna dariya, ni ma ina buɗe haƙora. Ba ku san kowace safiya sabon yanka ba ne. Abin da ya fi wannan ma, yatsan da ya guntule shi ne wanda ake ɗagawa a tahiya. Sau biyar a yini ina ɗaga guntun nan in shaida gaskiya, guntun kuma yana kallona.

Ko warware ɗaurin ba a yi ba ya zo da littafin dokokinsa, ya ce akwai ƙari. Na riƙe alƙalami tsakanin babban yatsa da na tsakiya, rubutu yana karkacewa.

"Rubuta: murfin da cokali ke kwancewa ba murfi ba ne."

Alƙalamin ya tsaya. Na ce, "Don me ka ce cokali?"

Ya ce, "To mi ke akwai a teburin mai shayi, garma? Rubuta."

Na rubuta. Na ce wa raina dace ne kawai. Mai jin kunya babu abin da ba ya yarda da shi in zai ba shi barci.

Shekara guda ya yi a kan inji na biyu. Ya faɗaɗa maƙogwaron yadda burodi mai ƙiba zai wuce, ya ƙara masa tsawo da lanƙwasa yadda hannu ba zai kai wuƙa ba. Bis kuwa ya yi sallama da su, walda ya yi. Ƙofar da ake buɗewa a wanke wuƙa, ta cikinta ya bi da wayar wuta: ka ɗaga ta ko da kaurin farce ne, injin ya mutu nan take. Ya kawo tasha, ya yi ta cusa kuɓewa, mutane suna kallo daga nesa kamar ana wasa da maciji. Har ya miƙa wa Arzika cokali da wuƙa da guduma ya ce, "Ga shi, cire. In ka cire, na bar walda na koma tallan kuɓewa." Arzika ya yi gumi ya kasa, don jin haushi ya ce a bar masa injin. Yau akwai irinsa a nan, akwai a Sabon Gida, akwai a Buza, kuma ban ji wanda ya ƙwarzane ba. Amma sunan bai fita ba. Har gobe Ci-yatsa ake cewa.

Da ciwon ajalin Nomau ya yi tsanani na je bayan la'asar. Ramatu ta fita ta ba mu wuri. Ya rame, amma ya kamo hannuna ya ƙirga, murya can ƙasa. Da ya kai "rabin shina wuyana", na fashe da kuka, ni da furfurata. Na ce, "Nomau, ni na cire maƙogwaron."

Ko gira bai ɗaga ba. Ya ce, "Sai yau? Kai, Malam Sannu, ka cika sunanka." Ya laluba aljihun rigarsa da ke rataye a kan gado, ya ciro wani ɗan ƙulli, ya kwance. Bis ne guda ɗaya. "Huɗu na ɗaura. Uku na tarar, duk a karkace, awa aikin bahago. Wanga kuwa cikin gwangwanin sukarinka na tsince shi, tun ranar."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa? Ka bar gari yana cin namanka!"

Ya ce, "In na faɗa, sai a ce Malam ne ya yi wauta, injin lafiya lau. In ƙera goma irinshi in raba ma su Arzika. Wanda ya fi kowa sanyi a garin ga ya cire shi da cokali. To masu zafi fa? Ba ƙarya nake ba, bawana, rabin shina wuyana." Ya yi tari, ya huta, sai na ga bakinsa ya motsa irin na tsokana. "Amma tunda ka zo da kanka, mu raba. Rubu'i nawa, rubu'i naka."

Muka yi dariya, ni da hawaye, shi da tari, har Ramatu ta leƙo ta ce ko mun haukace. Na yi masa alkawari ranar Juma'a zan tsaya a ƙofar masallaci in faɗa wa jama'a. Juma'ar ta zo. Na tsaya, na gyara murya, sai na ga idanun mutane, na ce bari sai ta sama. Ranar Talata ya cika.

A maƙabarta, bayan an rufe shi, wani dattijo a bayana ya ce, "Mutumin kirki ne. Allah dai ya yafe mishi yatsan Malam." Jama'a suka ce amin. Ni ma na ce amin. Da bakina. Kwana arba'in ke nan wannan amin ɗin ta hana ni jin ɗanɗanon abinci.

Saboda haka ku ji da kyau, kuma wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai karanta ba. Injin Nomau bai ci yatsana ba. Ni na tuɓe masa murfi na miƙa masa, don Arzika ya yi mini ba'a a gaban baƙi. Ramatu, shekarun da kika yi kina kewaye tasha, ni na sa ki, ki yafe mini in kin iya. Arzika, kai ka ɗauke ni a baya zuwa gidan likita kana zagin injin, ashe mai laifin ne ka goya. Sunan Ci-yatsa kuma, don Allah ku cire shi daga kan aikin bawan Allah. In dole sai kun kira wani da shi, kun san inda teburina yake. Bis ɗin yana nan cikin gafakata, tare da littafin dokokin. Wanda yake so ya zo ya gani.

Ya Allah, ga bawanka Nomau ya zo maka da baƙin hannu da farar zuciya. Ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya makwancinsa, ka ba shi littafinsa a dama. Duk yatsan da ya kwana lafiya a jikin mai shi saboda kuɓewarsa da taurin kansa, ka rubuta masa shi lada. Ka ba Ramatu haƙuri. Rabin nan kuma da ya ɗauka shekara shida, ya Ubangiji, ka sauke masa daga wuya, har da rubu'in da ya ce nasa ne. Duka nawa ne. Amin.